Riƙon Raket da Bugun Fari: Darasin Tanis ga Matasan Matamaye

Garin Matamaye, mazaunin hukumar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana zaune ne a kan hanyar da ta taso daga birnin Damagaram ta biyo ta Takeita, ta gangara Ɗan Barto ta tsallaka iyaka zuwa Daura da Kano, saboda haka duk wani sabon abu da ya ɓullo, daga kudu ya taso ko daga arewa, haja ce ko salon ɗinki ko wasa, da wuya ya wuce bai ya da zango a cikinsa ba. Mutanen wannan ƙasa, kamar sauran jama'ar Nijar, kokawa ce sarauniyar wasanninsu, musamman tun shekarar 1975 da aka fara gasar Takobi ta ƙasa a Tawa. Bayanta kuma sai dambe da langa da ƙwallon ƙafa. Amma a wannan zamani da akwatin talabijin da wayar hannu suka kawo filayen duniya har cikin zaure, samari da 'yan mata sun fara ganin wani wasa na daban, wanda mutum biyu suke tsayawa da raga a tsakaninsu suna mayar wa juna ɗan ƙaramin ƙwallo ruwan ɗorawa, wato tanis, kuma galibin masu kallon sun riga sun yanke hukunci a ransu cewa wannan wasan attajirai ne da manyan ma'aikatan Yamai, ba na ɗan talaka ba.

Wannan hukunci yana da ƙamshin gaskiya, domin fili mai siminti da raket na kanti ba su da araha. Sai dai wanda ya yi nazarin wasan da idon basira zai tarar cewa an gina shi a kan asali biyu, riƙon raket da bugun fari wanda 'yan wasa suke kira sabis, kuma dukansu biyu ba sa neman dukiya, ba sa neman abokin karawa, ba sa ma neman cikakken fili. Abin da suke nema shi ne malami wanda ya san ƙa'ida, da almajiri mai haƙurin maimaici.

Asalin wasan da siffar filinsa

Masana tarihi sun danganta asalin tanis ga wani wasa da Faransawa suke yi tun ƙarnonin tsakiya, inda ake dukan ƙwallo da tafin hannu kafin a ƙago raket. Siffarsa ta yanzu kuwa a Ingila aka tsara ta: a shekarar 1874 wani hafsan soja mai suna Walter Wingfield ya yi rajistar wasan da ake yi a kan ciyawa, a 1877 aka buɗe gasar Wimbledon, a 1913 kuma aka kafa hukumar tanis ta duniya a birnin Paris. Tsawon fili mita 23 ne da santimita 77, faɗinsa mita 8 da santimita 23 idan mutum ɗaya ne yake karawa da ɗaya, ko mita 10 da santimita 97 idan biyu-biyu ne. Tsayin raga a tsakiya ya ɗan ɗara santimita 91, a jikin turakunta kuma mita 1 da santimita 7. Daga raga zuwa layin sabis mita 6 ne da santimita 40, kuma an raba wannan sarari gida biyu a kowane ɓangare, waɗanda su ne akwatunan da bugun fari yake faɗawa. Ƙwallon bai kai giram 60 ba, raket na babban mutum kuwa nauyinsa wajen giram 300 ne, tsawonsa kimanin santimita 68. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan ƙididdiga, domin a cikinsu ne hikimar riƙo da ta bugun fari take ɓoye.

Babin riƙo

Wanda ya ɗauki raket ya duba ƙotarsa zai ga ba a yi ta mulmulalliya ba, an sassaƙa ta ne da gefe 8, kuma a kan waɗannan gefuna ne malaman fannin suka gina dukan ilmin riƙo. Ga yadda ake ƙirga su: a tsayar da raket a kan kaifinsa, fuskarsa tana duban hagu da dama, sai gefen ƙotar da yake duban sama ya zama na 1, a ci gaba da ƙirga zuwa dama ga mai amfani da hannun dama, ko zuwa hagu ga bahago. Abin lura a hannu kuwa wuri biyu ne, gaɓar gindin yatsan manuni da tudun tafin hannu na ƙasa. Duk gefen da waɗannan biyu suka zauna a kansa, shi ne yake ba riƙon sunansa, shi ne kuma yake hukunta inda fuskar raket za ta duba a lokacin da ta gamu da ƙwallo.

Na farko shi ne riƙon Turai, wanda Faransawa suke kira riƙon guduma, inda gaɓar take zama a gefe na 2. Duk wanda ya taɓa riƙe adda ya sari rake a fadamun ƙasar Kance ya riga ya san shi, domin riƙo ɗaya ne, kaifi a gaba, wuyan hannu a sake. Da shi ake bugun fari, da shi ake tarbar ƙwallo a bakin raga tun bai taɓa ƙasa ba, da shi ake dukan wanda ya zo ta bisa kai, da shi kuma ake yankar ƙwallo ta ƙasa don ya tafi yana shafar fili. A zamanin da, lokacin da akasarin gasa a kan ciyawa ake yin ta, ƙwallo kuma ba ya tashi sama da gwiwa sosai, akwai gwanayen da ba su san wani riƙo ba sai shi, irin su Rod Laver na Ostareliya, wanda ya haɗa manyan gasanni huɗu na duniya a shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969. Aibinsa shi ne rauni a gaban ƙwallon da ya taso har kafaɗa.

Na biyu shi ne riƙon gabas, a gefe na 3, wanda aka laƙaba wa sunan gabashin Amurka inda ya shahara. Hanyar samunsa mai sauƙi ce: a shimfiɗa tafin hannu a kan zaren raket, a zamo da shi ƙasa har ya iso ƙota, a damƙe. Tafin hannu da fuskar raket suna duban alƙibla guda, saboda haka duka yana fita a miƙe, da ƙarfi, kuma hankalin mai koyo yana saurin kama shi. Roger Federer na Suwizalan, mai manyan kofuna 20, kusa da wannan riƙo ya riƙa bugun gaban hannunsa.

Na uku da na huɗu su ne riƙon rabin yamma, a gefe na 4, da riƙon yamma cikakke, a gefe na 5, inda tafin hannu yake komawa ƙarƙashin ƙota. Asalinsu jihar Kalifoniya ce, inda filayen siminti suke tayar da ƙwallo sama, sai 'yan wasan can suka ga babu makawa su juya hannu don su iya dukansa daga ƙasa zuwa sama, suna sharar bayansa, ya tafi yana juyawa gaba. Fa'idar wannan juyi babba ce, domin ƙwallon da yake juyawa gaba iska takan danna shi ƙasa, sai ya tsallake raga da tazara mai yawa amma duk da haka ya faɗa cikin fili, in ya taɓa ƙasa kuma ya zabura sama. Da irin wannan duka ne Rafael Nadal na Sifen ya ci gasar Roland Garros sau 14, kuma a yau jumhurin ƙwararru a kan rabin yamma suke. Amma mai wannan riƙo yana shan wahala da ƙwallon da ya zo ƙasa-ƙasa, kuma tafiyar da hannunsa zai yi kafin ya komo riƙon Turai a bakin raga tana da nisa.

Bugun bayan hannu kuma mazhaba biyu ce. Masu hannu ɗaya suna ɗora gaɓar a gefe na 1. Masu hannu biyu kuwa suna riƙe ƙasan ƙota da dama a riƙon Turai, su ɗora hagu a bisansa a riƙon gabas na hagu, hagun ne kuma yake yin mafi yawan aikin. Malamai sun fi zaɓar wa yara hannu biyu, saboda ƙashinsu bai yi ƙwari ba, kuma shi ne tafarkin Novak Djokovic da Serena Williams. Abu guda da babu saɓani a kansa shi ne kada a matse ƙota matsewar mai jin tsoro, domin damtsen da ya sandare ba ya sakin raket ya yi gudu, kuma hakan yana cikin abubuwan da suke jawo ciwon gwiwar hannu da ya addabi masu wannan wasa. Hannun da ba ya duka shi yake tallafar wuyan raket tsakanin bugu da bugu, shi yake juya shi daga riƙo zuwa riƙo.

To, wanne ya dace da ɗan Matamaye? Amsa tana ga ƙasar da zai yi wasa a kanta. Idan daɓen jar ƙasa ne, wanda ƙwallo wani lokaci yakan kauce a kansa, riƙon gabas ya fi amfani, domin yana ba da damar gyara cikin gaggawa. Idan kuwa siminti ne, musamman a zafin bazara da iskar cikin ƙwallo take kumbura ya riƙa tsalle fiye da kima, rabin yamma ya fi. Hanya mafi aminci ita ce a fara da gabas, a bar hannu ya gangara da kansa in buƙata ta zo.

Babin bugun fari

Duk wani duka a tanis martani ne ga abin da abokin karawa ya aiko, in ban da bugun fari, wanda mai yin sa shi yake riƙe da ƙwallo, shi yake zaɓar lokaci, shi yake zaɓar wuri, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi idan ya ɓata. Sharuɗɗan ingancinsa kaɗan ne. Mai bugu zai tsaya bayan layin ƙarshe, ya fara daga ɓangaren dama, ya aika ƙwallo a karkace zuwa akwatin da yake hannun daman abokin karawarsa, a maki na gaba kuma ya koma hagu. Ba ya halatta ƙafarsa ta taɓa layi kafin raket ya gamu da ƙwallo. Yana da dama biyu. Idan ya ɓata duka biyun, maki ya tafi. Idan ƙwallo ya shafi raga amma ya faɗa akwatin da ake nufi, sai a sake ba tare da hukunci ba. Idan kuma ya jefa ƙwallon sama ya ga jifar ba ta yi ba, yana da izinin cafe shi ya sake, muddin bai kai masa duka ba, wannan kuwa rangwame ne da masu koyo suke yawan mantawa da shi. A manyan gasanni an ƙayyade daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki.

Rukunansa kuwa, na farko tsayuwa ce: mai hannun dama ya ba raga kafaɗarsa ta hagu, ƙafar hagu tana duban turken raga na dama, ƙafar dama a baya tana daidai da layi, tazararsu faɗin kafaɗa. Waɗansu suna barin ƙafafun a haka har ƙarshe, waɗansu suna jawo ta baya ta haɗu da ta gaba kafin su tashi, kuma kowanne yana da manyan gwanaye a bayansa. Na biyu jifa ce, wadda ita ce ran bugun baki ɗaya. Ana riƙe ƙwallo da kan yatsu, ba a cikin tafi ba, a ɗaga hannu a miƙe ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, a sake shi daidai tsayin ido, ya tashi ba ya juyawa, ya ɗan wuce inda kan raket zai kai idan an miƙe tsaf, ya kasance kuma ɗan gaba da jiki, ɗan dama kaɗan. Na uku shi ne ɗauri, lokacin da gwiwoyi suka lanƙwashe, hannun hagu yana nuna sama, gwiwar hannun dama tana daidai da kafaɗa, kan raket yana duban sama. Na huɗu tashi ne: ƙafafu su tunkuɗa ƙasa, kan raket ya faɗa bayan gadon baya da nauyin kansa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, sa'an nan hannu. Masu binciken motsin jiki sun nuna cewa wajen rabin ƙarfin bugun daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa, shi ya sa siririn yaro mai tsari yakan fi ƙaton da ya dogara da damtse. Na biyar shi ne murɗa hannu: raket yana tasowa da kaifinsa, sai a daidai gamuwa damtse ya juya waje, fuskar ta buɗe ta mari ƙwallo, bayan haka raket ya sauka ta gefen hagu, mai bugu kuma ya dira cikin fili a kan ƙafar hagu. Wannan dira sabuwar aba ce a tarihin wasan, domin har zuwa farkon shekarun 1960 doka ta wajabta ƙafa ɗaya ta zauna a ƙasa.

A nan ne hikimar riƙon Turai take bayyana. Kusan kowane mai koyo, idan aka bar shi da son ransa, riƙon gabas ko na yamma zai ɗauka ya tura ƙwallo da fuskar raket a buɗe, domin a makon farko hakan ya fi shiga. Amma lissafi ya nuna iyakar wannan hanya: idan aka ja miƙaƙƙen layi daga layin sabis na can ɓangaren, ya shafi saman raga, ya iso inda mai bugu yake tsaye, zai same shi a tsayin mita 2 da santimita 60 ko kusa da haka. Ma'ana, wanda raket ɗinsa bai kai wannan tsayi ba, ba shi da ikon dukan ƙwallo ya sauka a miƙe; dole ya dogara ga nauyin ƙwallon da kuma juyin da ya sa masa, juyi kuwa ba ya samuwa yadda ya kamata sai da riƙon Turai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya shekara biyu a kan gurguwar hanya, sake masa riƙo ya fi koya wa sabo wuya.

Bugun fari iri uku ne. Akwai miƙaƙƙe, wanda ake dukan tsakiyar bayan ƙwallo, shi ne mafi gudu kuma mafi haɗari. Da shi John Isner na Amurka ya kai kilomita 253 a sa'a a shekarar 2016. Akwai yanka, inda raket yake shafar gefen ƙwallo na dama, sai ya tafi yana karkata, ya janye mai tarba zuwa wajen fili. Akwai kuma mai zabura, wanda ake jefa ƙwallo bisa kai a share shi daga ƙasa zuwa sama, ya haye raga da nisa ya faɗo ya yi tsalle. Shi ne madogarar gwanaye a dama ta biyu, har malaman fannin suka ce ƙimar ɗan wasa ƙimar bugunsa na biyu ce. Bugu ta ƙasa ma halal ne a doka: da shi Michael Chang, yana ɗan shekara 17, ƙafafunsa sun ɗaure don gajiya, ya rikita Ivan Lendl a Roland Garros a 1989, ya kuma wuce ya ɗauki kofin.

Rana da iska da rairayi

Ƙasar Damagaram tana da nata hukunci a kan mai bugun fari. Da hunturu, iskar arewa maso gabas mai ƙura takan kwashe ƙwallo tun yana sama, don haka sai a rage tsayin jifa, a gaggauta tashi. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, babu lokacin horo sai bayan asuba ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa, gumi kuma yana sa ƙota santsi, sai a naɗe ta da ƙyalle mai tsotse ruwa. Duk wanda zai shata fili, ya shimfiɗa tsawonsa daga kudu zuwa arewa, don kada mai ɗaga kai ya yi ido biyu da rana da safe ko da yamma. Rairayi kuwa, wanda shi ne gatan ɗan kokawa, abokin gaba ne ga tanis, domin ƙwallo ba ya tashi a kansa. Amma ƙasar da matanta suka gaji daɓe da makuba tun kaka da kakanni ba za a koya mata yadda ake mayar da ƙasa ta yi tauri ta yi sumul ba.

Abin da ake bukata, da abin da aka riga aka gani

Hukumar tanis ta duniya da kanta ta gane cewa cikakken fili ya fi ƙarfin yaro, shi ya sa tun 2007 ta yaɗa tsarin koyarwa da ƙwallaye masu laushi: ja, mai tafiya a hankali ƙwarai, a filin da bai wuce mita 11 ba, ruwan lemo a filin mita 18, sa'an nan kore a cikakken fili. Mita 11 kuwa ana samunsa a farfajiyar kowace lakwal, igiya da tsumma suna isa raga, toka tana isa layi. Bango mai sumul da aka ja wa layi a tsayin santimita 91 abokin horo ne da ba ya gajiya. Jifa ana koyonta ba tare da duka ba: a ajiye raket a ƙasa gaban ƙafar hagu, a yi ta jefa ƙwallo har ya riƙa faɗowa a kan zarensa sau goma a jere. Motsin hannu kuma ana gyara shi da jifar tsohon ƙwallo sama da nisa, ko da kaɗa safa da aka ɗura wa ƙwallo biyu, wadda ba ta tafiya daidai sai motsi ya zama ɗaya ba yankewa.

Tarihin Afirka ya riga ya ba da shaida. A shekarar 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda daga baya ya ci Wimbledon a 1975, ya ziyarci Yawunde ta Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah yana wasa, ya ba shi raket, ya kuma yi masa hanya zuwa makarantar horo a Faransa. A 1983 yaron nan ya doke Mats Wilander ya ɗauki kofin Roland Garros. A wannan shekara dai Nduka Odizor na Najeriya ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, a 1988 kuma shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci ƙasarsu a wasannin Olimfik na Seoul. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, abin da ya isa hujja ga iyayen da suke zaton wasan na maza ne kaɗai. Kusa da gida ma, birnin Kano, wanda motocin Matamaye suke zuwa kullum, ya daɗe yana karɓar gasar Dala Hard Court, a Yamai kuma akwai hukumar tanis ta ƙasa.

Saboda haka nauyin yana kan malaman motsa jiki na makarantu, da hukumar gari, da 'yan kasuwar da suke zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram, waɗanda ba zai gagare su ɗauko tsofaffin raket goma da kwalin ƙwallaye ba. Sai dai kafin kaya su iso, wajibi ne a sami ko da malami ɗaya da zai je ya zauna gaban masana ya karɓi riƙo da bugun fari a kan ƙa'ida, domin kuskuren almajiri kansa kaɗai yake cuta, kuskuren malami kuwa aji guda yake gurguntawa.